Injin Niƙa a Bayan Ɗakin Haihuwa

Kwanakin baya na raka 'yata awo. Aka kwantar da ita, wata yarinya cikin fararen kaya ta shafa mata wani ruwa mai yauƙi a ciki, ta ɗora wani ɗan abu kamar kan waya. Sai ga bugun zuciyar abin da ke cikin ya cika ɗakin, da sauri da sauri, kamar ɗan maraƙi yana gudu a kan busasshiyar ƙasa. Kowa ya ji, har matar da ke jiran layi a bakin ƙofa ta ɗago kai daga wayarta ta yi murmushi. Na yi murna, na yi hamdala, amma na dawo gida jikina a sanyaye. A zamaninmu kunne ɗaya ne ke jin wannan bugun, mu sauran sai dai mu karanta labarin a fuskar mai kunnen. Tun daga ranar wata fuska take ta dawo mini, doguwa, baƙa, mai tsagen Barebari, an kwantar da ita a kan cikin yayata.

Unguwarmu Yerimaram ta wancan lokaci ba ta cika haka ba. Tsakanin gida da gida akwai filin da ake shuka kuɓewa, darbejiya kuma ta rufe hanyoyi har ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Babu keke-napep, sai acaɓa jifa-jifa da kekunan malamai. Da safe abin da ke tashe ni shi ne ƙarar guga a rijiyar maƙwabta, da muryar masu nono, in kuma ranar kasuwar shanu ce, gurnanin manyan motoci tun daga nesa da kukan shanun da ake lodawa. Ni yarinya ce marar magana, ina ƙaramar sakandare. In baƙo ya shigo sai in ɓuya bayan randa in yi ta kallon ƙafafunsa. Na fi sanin mutane ta ƙafa da hannu fiye da ta fuska, domin nan idona ke tsayawa.

Mu Fulani ne da suka zauna gari. Kakanmu ne ya bar daji, Baba ya zama mai saye da sayar da shanu, mu kuma muka tashi da Hausa a baki, Fulatanci sai na gaisuwa da na faɗa. Abin da ya biyo mu daga ruga bai da yawa: ƙoren Inna da ke jere a kan gado, da man shanu a miya, da kunya. Kunyar ita ce ta fi komai nauyi. Adda, wato yayata, ita ce 'yar fari, don haka ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. In tana son ta sai ta ce da bango, “Wata ta zo ta ɗauke tukunyar nan.” Goggo kuwa, yayar Baba, wadda ɗanta ne ya auri Adda suka zauna a Damagum, ita ce mai riƙe da dokokin gida. Tana yawan faɗa, in ana hirar wata da ta haihu, “A gidanmu muryar jariri ake ji, ba a jin ta uwarsa.” Akwai wata 'yar uwarmu da ta yi ihu a haihuwarta ta fari, har ta aurar da yaron ana kwaikwayon ihun a wurin biki, tana dariyar yaƙe tana sunkuyar da kai. Da wannan muka girma.

Da cikin Adda ya tsufa aka dawo da ita gida goyon ciki, ba a jima ba Goggo ta biyo ta da ƙullin kayanta, wai ta zo ganin idon jikanta na fari. Damina ce, muna hutun makaranta. Wata safiya muna zaune a gindin bishiya, Adda tana tsintar shinkafa a faranti, ni ina gyaran zogale. Sai na ga hannunta ya tsaya cikin shinkafar. Fuskarta ba ta canja ba, amma yatsun ƙafarta sun lanƙwashe sun shige cikin rairayi. Can suka saki, hannun ya ci gaba da tsinta. An jima kaɗan suka sake shigewa. Na tuna tun jiya da yamma na ga haka, lokacin da take alwala. Na so in faɗa, na rasa wa zan faɗa wa da kuma kalmar da zan faɗa da ita. Sai da ta tashi za ta kai farantin, faya ta fashe, kowa ya gani. Inna ta juya baya, ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar inda ta riga ta share, ta ce da bango, “A kai ta wurin Sista.” Goggo ta so a zauna a gida, amma Baba ya riga ya yanke magana tun bara da wata maƙwabciyarmu ta rasu a kan gwiwa. Inna ba za ta iya raka 'yar fari ba. Ta ɗora mini ƙullin zannuwa da fulas a ka, ta matse mini hannu sosai.

Ɗakin haihuwar unguwa bai da nisa, muka taka a hankali. Gini ne ƙarami mai fenti ruwan ɗorawa da ya koɗe, da baranda da benci ɗaya. Tagar ɗakin da ake karɓar haihuwa tana kallon barandar, gilasanta biyu sun fita an tare da kwali. Bayan katanga akwai rumfar mai injin niƙa, a lokacin shiru take, sai kaji suna tsintar tsaki a bakinta. Wurin yana warin maganin goge ƙasa da ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan jiya.

Sista ta fito tana goge hannu. Kowa a unguwa haka yake kiranta, har mijinta in ya zo ɗaukarta a babur. Babarbariya ce, doguwa, da ƙaramin agogo maƙale a ƙirjin farar rigarta, da lalle baƙi a tafin hannu. Ta dubi Adda daga sama har ƙasa, ta dubi Goggo, ta riƙe haɓa.

“Yau kuma bayinmu ne suka shigo gari? Goggo, ina kika ɗaure shanun?”

“Ji mini Babarbariya,” in ji Goggo. “Nonon da kika sha kika yi wannan tsawon, na wa ne?”

“Na bayina mana. Zauna a bencin nan, ki ja carbi, aikinki ke nan yau. Ƙanwata, taho. Tun yaushe?”

Adda ta ce ƙasa-ƙasa, “Yanzu ne.”

“Yanzun Fulani,” in ji Sista. “Wato tun jiya.”

Matar da ke taimaka wa Sista ta tafi gaisuwar rasuwa garin Mamudo ranar, don haka Sista ta karɓi ƙullin daga kaina, ta ba ni mafici, ta tsayar da ni wajen kan gado. “Fuskar yayarki kaɗai za ki kalla. In kin ga leɓenta ya bushe ki ba ta ruwa da cokali. Kin iya?” Na ɗaga kai.

Abin da ya biyo baya ina tuna shi kamar mafarkin rana, komai a hankali, komai da haske. Sista ba ta bar Adda ta kwanta ba da farko. Ta rataya hannun Adda a wuyanta suka yi ta zagaya ɗakin, daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa kabad, inuwar ganyen darbejiya tana yawo a kan farar rigarta. In ciwon ya taso sai ta jingina ta da bango, ta sa gindin tafin hannunta a ƙugun Adda ta danna tana murzawa, tana ja da numfashi da ƙarfi don Adda ta bi ta. In ya lafa ta goge mata goshi da jiƙaƙƙen tawul, ta kwance mata ɗankwali, ta ɗaga mata kitso daga wuya don iska ta shiga. Ba ta taɓa ta ba tare da ta faɗa mata ba. “Zan duba ki yanzu, hannuna da sanyi, ki yi haƙuri.” “Kin yi rabi, ƙanwata.” “Wannan da ya wuce ba zai dawo ba, an gama da shi.” Ta zuba mata shayi daga fulas ɗinmu ta ƙara sukari, ta riƙe mata kofin. Tsakanin ciwo da ciwo tana ba ta labarin banza, na wata akuya da ta shigo ɗakin ta cinye mata auduga, har na ga gefen bakin Adda ya motsa. Yau ɗakunan haihuwa sun fi tsabta, sun fi kaya, na kuma ga yaran da ke aiki a cikinsu suna ƙoƙari, mutum ɗaya a kan gadaje da yawa. Amma ban ƙara ganin wadda take da lokaci a hannunta kamar Sista ba, kamar dai duk duniya mace ɗaya ce ke naƙuda.

Lokaci-lokaci sai ta ɗauko wani abu na ƙarfe mai kama da mazurari, ta kafa bakinsa mai faɗi a cikin Adda, ta ɗora kunnenta a ɗaya gefen, ta sake hannu, idonta a kan agogon ƙirjinta. A nan nake daina fifita. Fuskar tana yin laushi, tsagen kumatunta su ɗan buɗe, ta ɗago ta ce, “Yana ta gudu abinsa, ɗan Fulani ya ga saniya.”

Bayan azahar aka kwantar da Adda. Zufa ta jiƙa matashin. Har lokacin ko uhum ba ta ce ba. Ta cusa bakin zanenta tsakanin haƙora, in ciwon ya zo sai ta ɗauke numfashi gaba ɗaya, ta ƙanƙame jiki, ta haɗe gwiwoyi, idonta a kan kwalin nan na taga. Ta bayan kwalin muna jin ƙwas-ƙwas na carbin Goggo, da tarinta, da gaisuwarta da masu wucewa.

“Kai ya sauko,” in ji Sista. “Yanzu saura ke. In ya taso ki yi nishi, ki turo ƙasa.”

Ciwon ya taso. Adda ta fara, wani ɗan sauti ya kufce mata daga maƙogwaro, sai ta haɗiye shi, ta haɗiye nishin tare da shi. Haka na biyu, haka na uku. Sista ta kafa mazurarin ta saurara. Wannan karon fuskar ba ta yi laushi ba. Ta daɗe, ta gyara wurin, ta sake saurara. Da ta ɗago ba ta ambaci saniya ba. Ta sunkuyo dab da kunnen Adda, amma na ji.

“Ƙanwata, ba zan ɓoye miki ba. Yaron nan ya fara gajiya. Hanya a buɗe take, ke ce kike riƙe shi. In bai fito ba nan da ɗan lokaci, mota zan nema mu tafi babban asibiti, kuma ban so ya yi wannan tafiyar a yadda yake. Ki buɗe baki. Nishi ba ya fita da baki a rufe.”

Hawaye ya gangaro wa Adda zuwa cikin kunne. Ta cire zanen daga baki, ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, “Goggo tana ji.”

Sista ta dubi tagar. Ta san in ta ce Goggo ta matsa, Goggo za ta gane dalili, kuma wannan ma ya isa abin faɗa har tsufa. Ban ga ta yi dogon tunani ba. Ta juyo gare ni.

“Ke mai shiru. Bi ta ƙofar baya, ki je wurin Baba mai inji, ki ce Sista tana gaishe shi, ta ce a tayar.”

Ban taɓa yi wa namijin da ba na gidanmu ba magana ni kaɗai. Ko aiken niƙa ƙanena ake ba. Na dubi Adda, na ga yatsun ƙafarta sun fara lanƙwashewa, na ajiye maficin na fita.

Rana ta fito bayan hadari, ƙasa tana tururi. Baba mai inji yana kwance a kan buhuna a cikin rumfarsa, hula a kan fuska, gari ya yi masa fari fat har gashin ido. Babu kwano ko ɗaya a layi, kuma kowa ya san ba ya tayar da inji sai niƙa ya taru. Na tsaya ina kallon tafin ƙafarsa mai faso. Na yi sallama, ni kaina ban ji ta ba. Na sake, kaji suka watse, ya ɗaga hular.

“'Yar wa? Ina niƙan?”

“Sista tana gaishe ka,” na ce da ƙasa. “Ta ce a tayar.”

Na zaci zai tambaye ni me za a niƙa. Sai ya tashi zaune da sauri yana neman takalmi.

“Haihuwar fari ce?”

Na ɗaga kai.

“Ta Fulani ko?” Ya yi 'yar dariya yana girgiza kai. “Ku dai Allah ya shirye ku. Koma ki ce mata an gama. In ta rataya tawul a katanga zan kashe.”

Ya ɗebi dusa a kwano ya juye a bakin injin, ya tofa yawu a tafi, ya kama hannun ƙarfen ya fara juyawa. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama. Kafin in kai ƙofar baya ƙarar ta rufe unguwar, bel ɗin injin yana marin iska, kwanon rumfar yana rawa. Sai daga baya, da na girma, na fahimci ba ranar aka fara ba. Mata nawa ne a unguwarmu suke yawo da sunan jarumtaka albarkacin dusar Baba mai inji, Allah kaɗai ya sani, don daga shi har Sista babu wanda ya taɓa faɗa.

A cikin ɗakin gilasan taga suna kaɗawa, cokali yana rawa a cikin kofi. Sista ta ɗaga Adda ta jingina ta da matasai, ta sa ni na hau gadon ta baya na tallafe kafaɗunta. Ta kawo fuskarta dab da ta Adda, sai da ta ɗaga murya kafin a ji ta.

“Yanzu ko ni ba na jin ki! Daga ke sai Ubangijinki! Ya taso? To bismilla, turo!”

Ban ji ihun Adda da kunne ba. A ƙirjina na ji shi, ta bayanta da ke manne da ni, wani abu mai zurfi da ya taso tun daga ƙasa ya girgiza mu mu biyu. Na ga jijiyoyin wuyanta, na ga bakinta a buɗe har ina hango dasashi, yayata da ko dariya sai ta rufe baki. Ta kira sunan Allah, ta kira Inna. Bakin Sista yana ta motsi, “Haka! Ƙara! Huta, ja numfashi. Ƙara!” Hannunta ɗaya yana ƙasa, ɗayan Adda ta riƙe shi ta nutsa farce a ciki, ba ta janye ba. Ƙurar gari tana shigowa ta gefen kwalin, tana yawo cikin hasken rana a hankali, kamar ba ruwanta da abin da ake yi. Can Sista ta ce, “Tsaya, kar ki turo, yi haki kawai,” ta yi wani abu da yatsunta da ban gani ba, sai jikin Adda ya saki gaba ɗaya a kaina.

Yarinya ce. Ta fito shiru, launinta kamar toka, hannuwanta a sake. Sista ta kwantar da ita a kan tawul, ta share mata baki da hanci, ta shiga goge mata baya da ƙarfi, tana magana da ita da Barbarci, ban san me take cewa ba. Adda ta ɗago kai tana kallo. Sai ƙaramar fuskar ta yamutse, ƙirjin ya ɗaga, bakin ya buɗe. Sista ta ɗora ta a kan ƙirjin Adda ta rufe su da zane ɗaya, ta miƙo mini wani tawul ta nuna mini katanga da haɓa.

Na rataya, injin ya yi ƙasa da murya, ya yi tari ya mutu. Cikin shirun da ya sauka, wanda har kunne yake yi wa zafi, kukan jaririyar ya fita ta taga shi kaɗai, siriri, mai kaifi. Na ji carbin Goggo ya faɗi a siminti.

Sai da mabiyiya ta fita, Sista ta gyara Adda, ta canja mata zane, ta wanke mata fuska, ta ɗaura mata ɗankwalinta daidai yadda ta zo da shi, sannan ta buɗe ƙofa. Goggo ta shigo tana hamdala, ta karɓi jaririyar, ta buɗe tafin ƙafarta ta duba, ta duba kunnuwa, ta ce hancin na gidansu ne. Sannan ta dubi Adda, wadda ta rufe ido, ta dubi Sista, ta ɗaga kai sama.

“Kin gani ko, Babarbariya? Haihuwar fari, ko tari ba ta yi ba. Ina nan zaune a bakin taga. Haka muke.”

Sista tana wanke hannu a kwano. Sawun farce huɗu ne a damtsenta, ɗaya yana fitar da jini kaɗan. Ta sauke hannun rigarta a kai.

“Ni dai wannan tsohon ya cika mini kunne da injinsa,” in ji ta. “Kullum sai ina aiki yake ganin damar niƙa. Goggo, ba ni 'yar nan, uwarta za ta ba ta nono. Ke kuma mai shiru, ruga gida ki faɗa wa Innarku ta ɗora ruwan zafi.”

Na iske Inna a tsakar gida da tsintsiya har lokacin, ƙasa ta yi sumul kamar an lasa. Na ce an sauka lafiya, mace ce. Ba ta dube ni ba. Ta jingina tsintsiyar, ta shiga ɗaki ta saki labule. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji ta ta faɗi a kan sallaya, kuma cikin kukan da take dannewa, a hankali, sau ɗaya, ta ambaci sunan Adda.